Sunan da Ban Kira Ba a Bakin Get

Panshekara,
Kano.
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Fatakwal lafiya, kai da kayanka, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, wannan za ka ji a waya.

Za ka yi mamakin inda ka tsinci takardar. Niyyata in jira ka fita sallama da abokanka, in buɗe akwatin tabarau ɗin nan da kake rufe idonka da shi in za ka tuƙa jirginka mara matuƙi, in ɗora ta a kai. Na san halinka. Jakar tufafinka za ta iya kwana uku ba ka taɓa ba, amma wannan akwatin ba zai kai magariba a rufe ba. Da ina da ƙarfin hali da na zaunar da kai a zaure na faɗa maka da bakina. Ba ni da shi, shi ya sa na ɗauki biro.

Kai ne ɗan farina. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kiran sunan da bakina ba. In ina nemanka sai in ce "kai", ko in ce wa ƙaninka "kira min yaron nan". Haka na taso na gani a ƙauyenmu na wajen Ringim, ni ma mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ce min Lawan ba, kuma ban taɓa jin haushi ba. Kunya ce muka gada, ina alfahari da ita. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Rabin rayuwata a kan kiren na yi ta, injin ɗaga kaya, a kamfanin rodi a Sharaɗa. Direban kiren yana zaune a wani ɗan ɗakin gilashi can sama, yana ganin ƙugiya, yana ganin kayan da ya ɗauka, amma abin da ke gindin kayan ba ya gani. Don haka ake ajiye masa mutum a ƙasa, mai ba da hannu. Nawa shi ne Malam Idi, wani dattijo mutumin Damagaram. Ƙa'idar aikin guda ce: in ba ka ga hannunsa ba, ba ka motsa komai.

Wata rana ya zagaya yin alwala, direban motar da ta kawo rodi kuma ya dame ni da hon, wai rana tana yi masa. Na ce a raina, aikin da nake yi kullum, me zai gagare ni? Na ɗaga daurin rodi na juya na sauke. A kan keken wani lebura na sauke shi, mutumin bai fi taku biyu da jingine keken ba. Keke ya baje kamar tabarma. Aka yi ta dariya, har da mai keken, don tsoro ya sa shi dariyar dole. Malam Idi ne kaɗai bai yi ba. Ya jira na sauko, ya ja ni gefe ya ce, "Lawan, kai kaya kake gani, ni nake ganin mutane. In ba na nan, makaho ne kai, makaho mai ƙarfi kuwa." Na ce masa na ji. Gaskiyar magana, daga baya na sake yi fiye da sau ɗaya, Allah ne dai ya yi ta rufa min asiri.

Ranar da ka fara sa min tabarau ɗinka a tsakar gida, ka tuna, jiri ya kwashe ni har na rungume randa, ƙannenka suna ta shewa. Na yi dariya ni ma, amma a raina na gane abin nan take. Ɗakin kiren ne, sai dai ya fi shi muni. Ni a can sama ina iya leƙowa ta taga. Kai kuwa da zarar ka sa shi ka bar jikinka a ƙasa, ba ka ganin dama, ba ka ganin hagu, sai abin da kyamarar jirgin ta fuskanta. Shi ya sa doka ta ce mai sa tabarau ba ya tashin jirgi sai da mai sa ido a gefensa, wanda zai riƙa bin jirgin da idonsa na Allah. Kai ka faɗa min wannan, ba ni na ƙirƙira ba. To ka riƙe ta. Ko manajanku ya tsaya a kanka yana duba agogo, in mai sa idonka ya zagaya, ka ajiye rimot ka jira shi. In ka ga ya sunkuya yana latsa waya, ka sauke jirgin, don a wannan lokacin ba ka da kowa.

Kuskurena na biyu a kan takarda ne. Ka tuna ranar da jami'an tsaro suka riƙe ka a Bompai, kana tashin jirgi a wani fili, ga filin jirgin sama ba nisa, ga bariki a kusa. Aka kira ni na je. Na tarar da babbansu mutumin kirki, bai ɗaga min murya ba. Ya ce, "Baba, wannan ba kayan wasan yara ba ne. Yana da rajista, yana da izini, yana da wuraren da ba a kai shi ko kusa. Yau mun bar shi don furfurarku. Ya je ya nemi takardunsa." Na yi godiya har da rusunawa.

A kan babur muna dawowa ka ce, "Baba, gaskiya ya faɗa. Zan fara neman takardun."

Me na ce maka? Na ce, "Rabu da su. Wahalar banza ce, a yi ta yawo da kai daga ofis zuwa ofis. Ka bar Bompai kawai, ga Challawa nan a bayan gidanmu, kowa ya san ni." Ni na faɗi haka, uban da ya kamata ya tura ka. Ina ganin sanayya ta ishi mutum a Kano. Abin da ban lura da shi ba shi ne, wanda ba shi da takarda kullum a tsorace yake, kuma ranar da abu ya faru ba taimako zai fara tunani ba, gudu zai fara tunani. Yanzu kamfanin da ya ɗauke ka aikin duba bututu da turakun waya ya sa ka yi horo, ka samu takardunka, alhamdulillahi. Ka riƙa yawo da su a jikinka. Inda aka ce ba a tashi, kada ka tashi, ko da ka ga ba mai kallo. Kada ka wuce tsayin da aka iyakance maka. Kada ka bi ta saman gidajen mutane, ka san yadda tsakar gida take a wurin iyali, a can ma haka take a wurinsu.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ka zauna in ba a zaune kake ba.

Damina biyu ke nan, ranar da jirginka na farko ya karye a Challawa. Kana son ɗaukar hoton kamfanonin fata daga sama don ka nuna wa masu ɗaukar aiki. Ni na ba ka shawarar lokaci. Na ce ka bari sai canjin ma'aikata na yamma, in jiniya ta yi kuka aka buɗe get, ka ga mutane suna kwarara kamar ruwa, hoton zai fi kyau. Kai ka ce ba a tashi a kan taro. Na ce ai ta gefe za ka bi. Abokinka da ke sa maka ido bai samu zuwa ba, sai na ce ni zan tsaya. Wa ya fi ni sanin wannan aiki, ni da na yi shekaru ina kallon hannun Malam Idi?

Kafin ka sa tabarau ka juyo ka ce min, "Baba, in na sa wannan ba na jin komai sosai, ga ƙarar janareta, ga ƙarar jirgin a kunnena. In kun ga wani abu, ku kira sunana da ƙarfi, ku ce tsaya. Sunana kawai nake iya tsinta a cikin hayaniya." Na ce to. Ban yi tunanin abin da na amsa ba.

Kana tsaye a bayan wata tirela da aka faka. Ni kuma na hau tulin jar ƙasa, taku kaɗan daga wurinka, don in riƙa hangen bakin get. Jiniya ta fara. Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa yana bin katanga da gudu, ka karkata shi za ka haura wajen bututun hayaƙi, kyamarar tana kallon sama. A daidai lokacin Inna Asabe ta fito daga bayan rumfa da robarta a ka, za ta tari ma'aikata. Ba ka san ta ba. Dattijuwa ce daga wajen Zawaciki, mijinta ya rasu, ɗanwake take sayarwa a bakin get ɗin nan tun kana goye. Na ci abincinta ba adadi.

Na gan ta, na ga jirgin, na ga inda za su haɗu. Akwai lokaci, wallahi akwai. Na buɗe baki, sunanka ya zo har kan harshena ya tsaya. Shekara da shekaru na hana bakina wannan kalma, ranar da na neme ta ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne "kai, kai, yaron nan". A cikin kukan jiniya wa zai ji wannan? Na yunƙura zan sauko in dafa ka, kafin ƙafata ta taɓa ƙasa an gama.

Ka cire tabarau kana murza ido, ka ce, "Baba, me na buga? Hoton ya juya kawai ya ɗauke." Tirela ta kare maka wurin. Na ce, "Katanga ce. Maza hau babur ka tafi gida, masu gadi suna zuwa, ba ka da takarda. Ni zan ɗauko shi." Ka bi maganata kamar yadda ka saba, ka tafi.

Na isa na tarar da ita a zaune a ƙasa, ta dafe fuska da hannu biyu, jini yana bin tsakanin yatsunta, ɗanwake ya watse cikin laka. Farfela ce ta yanke ta daga goshi zuwa kunci, ta bi ta kan idon hagu. Ba ta kuka, salati kawai take yi. Mutane suka taru, wani ya ce ƙarfe ne ya fallo daga injin kamfani, wani ya ce ya ga abu kamar tsuntsu. Ina tsaye a cikinsu ban ce uffan ba. Da hannuna na taimaka aka sa ta a Keke Napep. Da wurin ya watse na gangara kwatar da ruwan jima yake bi, baƙin ruwan nan mai wari, na lalubo jirginka na cusa a cikin riga. Ruwan ya riga ya wanke shi. Na kawo maka shi a karye, ka yi kwana biyu kana jimamin jirgi, ni kuma ina ba ka haƙuri.

Idon bai tashi ba. An cire shi.

Na gaya wa kaina don kai na yi. Na ce yaro ne mai tasowa, in aka kai maganar gaban hukuma, ba takarda, ga rauni, shi ke nan an rufe masa hanya. Wannan gaskiya ce amma rabi. Ɗaya rabin, kaina na tsare. Ba na son a ce Malam Lawan mai kiren, wanda yake yi wa matasa wa'azin kiyaye rai a wurin aiki, shi ne ya tsaya yana kallo. Ko mahaifiyarka ban gaya wa ba. Ta sha tambayata me ya sa na daina cin ɗanwake a gida, in ce mata cikina ne.

Bayan wata huɗu Inna Asabe ta koma bakin get, don ba ta da wata sana'a, ga jikoki a gabanta. Ina zuwa wurinta kusan kowane mako, ban san ko tuba ke kai ni ba ko kuwa azabtar da kaina. Yanzu in za ta zuba mai a kwano sai ta zuba a gefe, don mai ido ɗaya ba ya gane nisa. Sai ta yi dariya ta ce, "Malam Lawan, riƙe kwanon da kyau, ni da shi mun daina ganin juna daidai." In babur ya taho ta hagunta ba ta sani sai ya wuce. Da ta ji wata ƙara a sama, ko ta jirgin gaske ce, sai ta sunkuyar da kai ta kare fuska da hannu.

Makon jiya, da na san ka kusa tafiya, na zauna a bencinta bayan mutane sun ragu. Ba ni na ɗauko zancen ba, ita ce. Ta ce, "Ka san abin da yake damuna? Ba idon ba ne, wannan Allah ya riga ya rubuta. 'Yan boko sun ce min abin nan mutum ne yake tuƙa shi daga nesa. To ni so nake in sani, shin mai shi ya san ya same ni kuwa? Ba don in yi masa komai ba. Tsorona kada ya zama bai sani ba, yana can yana ci gaba, gobe ya samu ɗan wani."

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na ce mata Allah ya kiyaye, na tashi na taho. Tun daga Challawa har gida a ƙasa na zo, na manta ma da cewa da babur na je.

Ta yi gaskiya, ba ka sani ba, kuma ni na hana ka sani. Na bar ka shekara biyu kana ganin mafi munin abin da jirgi zai yi shi ne ya bugi katanga ya karye. Na ji ka da kunnena kana gaya wa ƙaninka cewa ba ka taɓa ji wa kowa ciwo ba, hannunka yana da kyau. Hannunka yana da kyau, ban musa ba. Amma da wannan tunanin za ka tafi garin da ban sani ba, ka riƙa tashin jiragen da suka fi wancan girma da nauyi, a kan ƙauyukan mutane da gonakinsu. In na bar ka ka tafi a haka, duk wanda ka sama a can da hannuna a ciki.

Ina jin kunyarka, ina kuma jin tsoron abin da za ka ɗauke ni bayan ka karanta wannan. In ka yi fushi da ni ka yi, ka isa. In ka ga ba za ka iya ɗaga wayata ba na wani lokaci, ba zan ce ka yi rashin ladabi ba. Abin da ba na so shi ne ka jefar da aikin don baƙin ciki, wannan ba zai dawo mata da ido ba. Ba na kuma so ka ce laifin Baba ne kawai ka shafe. Kaso mafi girma nawa ne, ni na zaɓi lokacin, ni na hana ka takarda, ni na yi shiru, ni na yi ƙarya. Amma kai ma ka san ba a tashi kusa da taro, ka faɗa da bakinka, sannan ka bari girmana ya rinjaye ka. Wannan shi ne naka. Daga yau, a kan maganar jirgi, kada ka ji nauyin kowa. In wanda ya haife ka ne ya ce ka tashi inda bai dace ba, ka ce masa a'a. Balle manaja, balle mai kwangila.

In za a ba ka mai sa ido, kada ka duba shekarunsa ko kirkinsa. Ka gwada shi tukuna. Ka sa tabarau, ka ce ya kira ka da ƙarfi a gaban mutane. In ka ji yana tauna sunanka, yana ce maka "ranka ya daɗe" ko "oga", yana jin nauyin ɗaga maka murya, ka nemi wani. Kana bukatar wanda zai daka maka tsawa ba tare da ya tsaya neman izini ba. In kuma, Allah ya kiyaye, abu ya sake faruwa, ka cire tabarau ka taka da ƙafarka ka je ka gani. Kada ka karɓi labari daga bakin kowa, ko da wanda ka fi yarda da shi ne a duniya.

Jibi Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, zan je gidan Inna Asabe a Zawaciki. A daren gobe zan fara gaya wa mahaifiyarka. Zan faɗa wa Inna komai a gaban 'ya'yanta, in ce mata mai jirgin bai sani ba sai yanzu, kuma ni ne idon da aka ajiye ya ƙi yin aikinsa. In sun ce hukuma za su je, zan bi su da ƙafata. Ban san abin da hakan zai jawo maka a wurin aikinka ba, na yi ta juya wannan a raina, na kuma kasa samun wata hanya da zan iya tsayawa da ita gaban Allah. Ba zan roƙa maka gafara a wurinta ba. Wannan naka ne, in ka zo hutu ka je da kanka, ka zauna ta damanta inda take gani.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki. Allah ya tsare mutane daga hannunka, ya tsare ka daga hannun mutane. Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya ba ka halal mai albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Ni kuma ya yafe min, ya sa waɗanda na zalunta su yafe min, kai da ita.

Saura abu ɗaya. Tun ɗazu nake zagaye shi, kamar yadda bakina ya yi a kan tulin ƙasar nan. Ka roƙe ni abu guda a ranar, ban ba ka ba. Ga shi yanzu, ya zo a makare, ba zai amfani Inna Asabe da komai ba, amma wataƙila ya amfani wani da ban sani ba. Duk lokacin da ka ɗaga tabarau ɗin nan za ka sa, ka ji shi da muryata kafin ka rufe ido.

Kabiru. Kabiru, tsaya. Duba ko akwai mutum.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Lawan.